Farce da Motar Surukinsa

A layin makanikai ba wanda ya tuna sunansa na yanka, kowa Farce yake ce masa. Shekara talatin da ɗoriya yana fentin mota, kuma bai taɓa yanke farcen ƙaramin yatsansa ya ƙure ba, don da shi yake awo. In an kawo mota ta karce, sai ya wanke wurin, ya ja farcen a kai sannu a hankali. In ya wuce sumul, karcewar a sama take, man goge fenti ya ishe ta. In ya maƙale, to ta kai ciki, sai samfefa da sabon fenti.

Mutum ne mai ƙyanƙyami. Ba abin da ke tayar masa da zuciya kamar ya ga ƙato da gemunsa yana dirzar mota mai ƙura da busasshen tsumma. "Yashi kake goga mata, bawan Allah! Ruwa ya yi ƙafa ne?" Matarsa kan ce ko kwanon abinci ta miƙa masa, sai ya karkata shi wajen haske ya duba. Da fentin nan ya gina ɗaki uku a bayan garejinsa, da shi ya aurar da autarsa ga wani ma'aikacin ofis. Bayan biki ya mai da ɗakinta ma'ajiyar gwangwanaye.

Ana zaune ƙalau, surukin ya sayi sabuwar mota baƙa wuluk. Kai, abin ba kyan gani! Ledar kujeru ya ƙi cirewa. Mai shiga sai ya karkaɗe takalmi sau uku. Kullum yana dawowa aiki sai ya lulluɓe ta da wani tsohon tamfol na rumfa mai zobban ƙarfe a baki, da safe ya fizge shi. Farce ya aika masa ta bakin Auta cewa ya nemi mayafin mota mai laushi, ya riƙa wanki da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso. Amsar da ta dawo ita ce wai ilimin tsofaffin motoci ne.

Wata Talata da hantsi sai ga Auta a gareji da jakar kaya, idanu sun yi luhu-luhu.

"Lafiya, 'yar nan?"

"Baba, layi ya gani a ƙofar mota. Wai zobena ne. A gaban maƙwabta ya zazzage ni tas, ya ce in tafi gidanmu sai ya huce." Ta share hanci da gefen mayafi. "Wallahi ban taɓa ƙofar ba. Shi ke buɗe mini da kansa, ba don girmamawa ba, don kada hannuna ya sauka a kai."

Farce bai gama haɗiye takaici ba sai ga baƙar motar ta shigo tana rarrafe. Rashin kunya ba ta da magani. Surukin ya fito ya durƙusa sama-sama, ko kallon bencin da matarsa take zaune bai yi ba.

"Baba, dubi abin da aka yi mini."

Tsohon ya watsa ruwa a ƙofar, ya ja farce. Ya wuce sumul. Ya tsuguna ya kalli layin ta gefe: dogo ne, ya taso daga ƙasa ya haura har kusa da gilashi. Hannun mai buɗe ƙofa ba ya bin wannan hanya. A gefensa ga wasu sirara guda huɗu, duk sun nufi sama.

"Buɗe but," in ji shi.

Tamfol ɗin na ciki a dunƙule, duk yashi. Farce ya lalubi bakinsa har ya kai ga wani zobe da ya tsage ya yi tsini. Ya kanga shi a hasken rana, ga ɗan ɓurɓushin baƙi maƙale a bakin. Ya ɗora shi a farkon layin, ya nuna yadda ake fizga.

"Ga zoben da ya yi maka ɓarna. Kai kake jan sa da hannunka kowace safiya."

Har mai walda na maƙota ya kashe wutarsa. Farce ya tsaya yana jira. Kalma ɗaya yake so mutumin nan ya juya ya faɗa wa yarinyar, ya ba ta haƙuri, shi ke nan a wuce wurin. Surukin ya sosa ƙeya.

"To Baba... zai fita kuwa?"

Tir! Farce ya ji kamar ya tofar. Amma aiki aiki ne. Ya ɗiga mai a tsumma mai laushi, ya murza a hankali, ya goge, ya sake. Kafin rabin awa ƙofa ta koma kamar madubi. Surukin ya yi ta leƙa fuskarsa a ciki yana washe baki, sannan ya tuna yana da mata.

"To ke, magana ta wuce, tashi mu je. Sai dai jakar nan ki riƙe ta a cinya, zif ɗinta ƙarfe ne."

Auta ta miƙe, ta rungumi jakar. Ta dubi motar, ta dubi mijin, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juya wajen ubanta.

"Baba, ɗakina har yanzu gwangwanaye ne a ciki?"

Farce ya goge hannunsa da tsumma, ya rataye shi a ƙusa.

"Shiga wajen uwarki ki sha ruwa," ya ce. "Yanzu zan kwashe su."