Kunyoyi Uku a Gindin Tsamiya

Jiya da hantsi wata amalanke ta wuce ta ƙofar gidana a Kabo, maƙare da harawa. Ƙamshin busasshen ganyen waken ya shigo har tsakar gida, na tsaya da tsintsiya a hannu, ban san daɗewar da na yi a haka ba. In ka tashi a ƙauye, ka san inda ƙamshin nan yake kai mutum.

Ina 'yar shekara goma ko kusa da haka, a ƙauyenmu na gefen Getso. A lokacin ina zaton sunan kakata aka ara aka sa wa lokacin girbi, don da zarar an ce kaka ta yi, ƙafar da take kuka da ita duk damina sai ta warke, ta riga kowa isa gona. Gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai, balbelu suna sauka a fadama kamar an shanya farin wanki.

Shekarar ce rediyo ya cika da maganar tsuke bakin aljihu. Sabulu ya koma sai an yanka shi uku, shayi ya bar gidanmu. Masaƙa a Kano ta sallami ma'aikata, har da maƙwabcinmu, wanda ya dawo da matarsa da 'ya'ya uku bayan shuka ta wuce. Matar 'yar birni ce, zanenta kullum a goge. Inna ta birni muke ce mata. Ita take min kitso ranar Alhamis, hannunta ba zafi, kuma ban taɓa jin ta ce babu ba.

Muna roron wake sai na lura da wani abu. Kakata, wadda ko ƙwayar gero ta faɗi a gindin turmi sai ta duƙa ta ɗauka, in ta zo kunyoyi ukun da ke gindin tsamiya sai ta tsinki kwanso ɗaya ta bar biyu. Na ce a raina tsufa ne. Da la'asar na koma ni kaɗai, na bi kunyoyin nan ganye-ganye, na rore su tas. Na shigo gida da kwando a cike. Baba ya shafa kaina, ya ce ga manomiya. Kaka ta dubi kwandon, ta dube ni, ta ci gaba da jan carbinta.

Washegari bayan sallar asuba ta ce ta manta ƙwaryarta a gindin tsamiya, in je in ɗauko. Raɓa ta jiƙe min ƙafa, hazon safiya yana kwance a kan gonaki. Ina duƙawa in ɗauki ƙwaryar sai na hango mace da goyo tana bin kunyoyin, tana ɗaga ganye tana leƙawa. Inna ta birni ce. Na laɓe bayan tsamiyar. Ta bi ta farko har ƙarshe, ta dawo ta biyu, ta shiga ta uku. Sannan ta miƙe, ta daɗe a tsaye tana jijjiga yaron da ba ya kuka. Ta tura kwanonta ƙarƙashin mayafi, ta bi ta bayan gari.

Da gudu na isa gida. Na ce, "Kaka, bari in kai mata kwandon."

Ta ce, "In kin kai, dole ta yi miki godiya. In ta yi godiya, ta san an gan ta. Gobe da wane ido za ta yi miki kitso?"

"To yaya zan yi?"

"Inda kika ɗauko, nan za ki mayar."

Da rana tsaka, sa'ad da kowa ya nemi inuwa, na ɗauki kwandon na koma. Na riƙa cusa waken a ƙarƙashin ganye, nan kaɗan, can kaɗan. Kwana ɗaya ba ta zo ba, kwana biyu ba ta zo ba. Ga gara ta fara taɓawa, ga shi Baba ya riga ya yi wa makiyaya izinin shigo da shanu ranar Asabar. A kwanakin nan ne na fara sallah ba tare da an kore ni zuwa buta ba. Ban iya doguwar addu'a ba, abin da nake maimaitawa a sujada kawai, Allah Ka sa ta koma.

Ranar Juma'a da yamma muka ji turmi ta bayan danga, a gidan Inna ta birni, da 'yar ƙarar nan ta busasshen kwanso yana farfashewa. Can hayaƙi ya tashi. Na juya na dubi Kaka. Ta miƙo hannuwanta ta ce, "Zuba min ruwa, magariba ta kusa."

Lokacin da Shari'a ta zo ina gidan aure. Na ga ana raba hatsin zakka a fili, na yi murna, don alheri ne. Amma idona kan tafi ga matan da ke ƙarshen layi, masu jan mayafi har hanci. Yanzu kuwa a gona ko kara ba a bari, komai yana da mai saye, kalan abin da ya rage a gona ya zama labarin da nake ba jikokina suna kallona.

Bara Inna ta birni ta rasu. Na je ta'aziyya, babbar 'yarta ta zauna kusa da ni. Ta ce mahaifiyarsu takan ba su labarin shekarar da suka ci waken wata gona. Wai ta tarar da shi a tsinke, an jera tsibi-tsibi a ƙarƙashin ganye, kawunan duk sun kalli gefe ɗaya, irin jerin da sai ƙaramar yarinya.

Na tambaye ta, "Ta faɗi ko wace ce?"

Ta ce, "A'a. Cewa take yi yarinyar ta sha wahala wajen ɓoyewa, ba ita za ta tona ta ba."