Samirar Baƙi

Ƙarar murfi ce ta soma komai. Wata Asabar ce cikin babban hutu, ina da shekara tara, an gama maimai gero ya kai ƙirjin mutum. Mun riga mun hau amalanken jaki a ƙofar gida, ni da ƙanwata Barira, Baba yana gyara igiya, sai na ji ƙwal daga ɗakin Inna. Na san wannan ƙarar kamar yadda na san tarin Baba. Murfin samirar baƙi ne, mai jajayen furanni, wadda ba a sauko da ita daga saman jere sai an yanka kaza. To ga mu za mu fita, baƙo kuma babu. Wa za a zuba wa?

Tun kafin ranar ma zuciyata ba ta kwanta da wannan yawo ba. Baba mutum ne da bai san wasa ba, daga gona sai masallaci. Amma a hutun nan, kullum hantsi ya dubi ludayi sai ya ce mu shirya, za mu bakin tabki shan iska. Inna ta ƙulla mana gumba a tsumma, ta cika gora da ruwa, ta rako mu har zaure, ita kuwa ba ta taɓa bin mu ba. "Wa zai tsare gida?" take cewa, tana murmushin da ban gamsu da shi ba.

Ba zan ce ba mu ji daɗi ba. Tabkin Madarumfa ya cika har ya shiga gindin itatuwa, belbelu sun yi fari fat a kan rassa. Mukan gina shanun laka mu yi musu ƙaho da ƙaya, mu tsinko furen bado mu yi sarƙa, mu yi carafke da duwatsun gaɓa har yatsu su yi zafi. Wani lokaci masunta abokan Baba su ba mu 'yan ƙananan karfasa, ya gasa mana, ya cire ƙayar da hannunsa. In muka miƙa masa sai ya ce goro ya tare masa ciki. Ba mu komawa sai la'asar sakaliya, mu tarar da tuwo, mu ci, shi ke nan.

Sai dai wata 'yar ajinmu a lakwal, wato makarantar boko, ta taɓa ce mini, "In manya suka ce ku je wasa, leƙa tukunya." Maganar ta zauna mini. Na lura kajinmu suna raguwa. Har wake-waken da nake ba tsaki da hannuna ta ɓace, da na tambaya Inna ta ce ta tafi kasuwa. Ban yarda ba. Na riƙa tona tokar murhu ina neman ƙashi, na bi juji ina neman gashin kaza, in tana yi mini kitso in shaƙi hannunta ko zan ji ƙamshin romo. Ban sami komai ba, murhun ma sanyi ƙalau nake tarar da ƙasan tokarsa. Maimakon in huce, sai na ce lalle Inna ta iya ɓoyo. Allah ya yafe mini, har cikin salla nakan tuna kazar nan.

Ranar Asabar ɗin, da muka kai ƙarshen unguwa na ce na manta ɗankwalina, na dira daga amalanke. Baba yana kira, ban waiwaya ba. Ban bi ta zaure ba, na zagaya bayan gida inda awaki suka huda darni, na durƙusa na sa ido.

Inna tana zaune a kan tabarma, samirar a gabanta. Ta buɗe. Ƙanzo ne, busasshen ƙanzon tuwon da muke ci, wanda take kankarewa daga gindin tukunya ta shanya. Ta ɗebi kaɗan ta zuba a ƙoƙo, ta duba, ta mayar da rabi. Ta jiƙa da ruwa, ta barbaɗa gishiri, ta yi bisimilla. A ranar na ga yadda awarwaronta ke zamewa har gwiwar hannu. Ashe rumbunmu ya kusa ƙasa, kajin kuwa da gaske kasuwa suka tafi suka dawo gero. Ana kai mu tabki ne don kada mu ga rana ta take ba a hura wuta ba.

Kukana ne ya tona ni. Inna ta dubi darni ta ce, "Dije, zagayo ki ci naman." Da na zo ta share mini fuska da bakin zanenta, ta ce ita ƙanzo take so tun tana yarinya. "Amma kada Barira ta ji, sai ta cinye mini." Ban gaya wa Barira ba. Daga ranar dai nakan rage gumbata in dawo da ita, in ce ta gundure ni, har Allah ya kawo mu lokacin tumu.

Yanzu maigidana a kan babur yake kai yara tabki, da kular shinkafa da wake, su dawo suna nuna mini hotuna a waya. Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, samirar tana ɗakina, furanninta sun koɗe. Ƙoshi ya zo, mai ƙanzon ba ta nan.

A hutun da ya wuce na ce wa maigidana da yara su tafi tabki, ni wanki ya tare ni. Ina goge jere murfin ya yi ƙwal. Sai ga 'yata Nana ta dawo daga zaure, ta tsaya bakin ƙofa tana kallona ta wutsiyar ido.

"Mama, ni fa ban yarda da ke ba. Buɗe in gani, sannan in tafi."