Ranar da Yaya Mamman Bai Kama Kifi Ba

Shekara bakwai ke nan da muka raka Yaya Mamman makwancinsa a nan Greensboro. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya ɗauko ni daga Yawuri, ya bar mini doguwar kujerar falonsa a wani gidan haya kusa da Wendover, a kanta na kwana har na gama karatu. Duk shekara idan ganyen itatuwa ya fara yin ja nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in kasa. Bana na ce ko ta halin ƙaƙa sai na rubuta.

Mu Sarkawa ne. Babanmu a cikin kwalekwale ya tsufa, Yaya kuwa tun yana ɗan ƙarami yake jefa birgi a kogi. Da ya zo Amurka sai ruwa ya ɓace masa. Shekara da shekaru yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito, daga sito sai masallaci, daga masallaci sai gida. Wata rana wani Bature abokin aikinsa ya ja shi zuwa duwatsun da ke yammacin jihar nan, inda rafuka masu sanyi ke gangarowa ta cikin daji. Yaya ya dawo kamar an sake masa jini.

Kamun kifin da ya gano can ba irin namu ba ne. Babu taru, babu koma, babu tana. Gashin tsuntsu ake ɗaurawa da zare a jikin ƙugiya har ya yi kama da ƙwaro. Mutum ya sa wandon roba har ƙirji, ya shiga ruwa, ya riƙa kaɗa doguwar sanda zare na yawo a iska, sannan ya sauke ƙwaron ƙaryar a kan ruwa a hankali. Kifin da ake nema, trout, mai ɗigo-ɗigo ne a jiki, ga wayo ga tsoro, inuwarka kaɗai ta isa ta kore shi. Abin da ya fi ba mu dariya shi ne, in an sha wahala an kama, sai a cire ƙugiya a mayar da shi ruwa. Bayan sallar Juma'a mutane kan tare shi, "Malam Mamman, ina kifin?" Shi kuma ya ce, "Yana gidansu, ya ce a gaishe ku."

Shekara biyu kafin rasuwarsa ya kira ni, ya ce ya kama mana ɗaki a masaukin da ya saba sauka, ya kuma yi magana da jagoransa, wani dattijo ɗan duwatsun da ya san kowane lungu na rafin. Na kawo uzurin aiki, na kawo na yara. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Nasiru, bana ba ni da abokin tafiya sai kai." Ban taɓa jin ya roƙe ni wani abu ba, don haka na bi shi, ina ƙunƙuni a mota.

Masaukin na katako ne, da murhu a falo, rafin na wucewa ta bayansa. A baranda muka yi sallar asuba, sanyi na ratsa mu. Masu gidan sun san Yaya sarai, sun san abin da ba ya ci, har yajin da ya bar musu bara yana nan a kan teburi. Jagoran ya ɗaura mini ƙugiya, ya riƙe gwiwar hannuna yana nuna mini yadda ake jifa. Hantsi bai gama dubawa ba na ji zare ya yi nauyi. Na ƙwalla ihu da Hausa, ina kiran sunan Baba, ina tsalle cikin ruwa kamar yaron da aka saya wa keke. Yaya ne ya tara raga ya ɗago kifin, yana dariya har da hawaye.

Shi kuwa ranar komai ya ƙi shi. In ya jefa, zaren ya zube a gabansa, ko ya sarƙe a reshe. Ya daɗe yana fama da ƙulli ɗaya, ƙarshe ya miƙa wa jagora ya ɗaura masa. Sau biyu sandar tana suɓucewa daga hannunsa, na biyun ni na bi ta na tsamo. Da na miƙa masa sai na ce, "Yaya, da Baba zai gan ka yau, da ya rantse musanyar jariri aka yi masa." Ya yi murmushi ya ce sanyi ne. Washegari ma haka. Muka dawo ni da kifi a hoto, shi kuwa hannu Rabbana.

Da abin ya tsaya a bakin rafi, da sauƙi. Amma labarin ya yi mini daɗi. Na ba da shi a masallaci, na ba da shi a wurin suna a East Greensboro, ina kwaikwayon yadda sandar ta faɗi, jama'a na riƙe ciki. Yaya yana zaune yana taya mu dariya, hannunsa na dama a cikin aljihun riga. Ruwa ba ya tsami banza, amma ni da na tashi a gabansa ban tsaya na tambayi kaina ba, me zai sa mutumin da ke ɗinke taru ido rufe ya kasa ƙulli ɗaya?

Bayan 'yan watanni matarsa, Anti Rabi, ta kira ni tana kuka, ta ce ya kasa sa maɓallin rigarsa. A ranar na ji cewa tun kafin tafiyarmu likita ya gaya masa yana da ciwon da ke cinye jijiyoyi, wanda ke farawa da hannu ya bi sauran jiki, kuma ba a warkewa. Ya san shigarsa ruwa ta ƙarshe ke nan, ya duba duk duniya ya zaɓe ni. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Yaya ya riƙe nasa, ni na mayar da shi abin nishaɗin taro.

Na yi jinyarsa bakin gwargwado. Na kai shi asibiti, na ɗaga shi, na yi masa aski. Amma maganar nan ɗaya na yi ta ɗagawa zuwa gobe, har ciwon ya kai ga harshensa. Ranar da na durƙusa na ce ya yafe mini, ido kawai yake iya motsawa. Ya daɗe yana dubana. Har yau ban sani ba, cewa yake ya yafe, ko so yake a gyara masa matashi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Waɗanda suka riƙa tambayarsa ina kifin, yanzu 'ya'yansu ne ke nemana in nuna musu hanyar masaukin. Ina jin wannan zai ba shi dariya, ba kuma zai ce ai na gaya muku ba, don ba halinsa ba ne. Zai yi baƙin cikin ganin abin da ambaliya ta yi wa rafin, gurbin da na kama kifina na farko duwatsu sun cike shi. Jagoran ya tsufa ya daina shiga ruwa. 'Yar Yaya, Safiya, da ya bari tana ƙarama, tana jami'a, in na yi mata Hausa da Turanci take amsawa, amma in ta kaɗa sanda sai masu wucewa su tsaya kallo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne ni ma yanzu ina zuwa duk shekara, kuma ina jin daɗi. Na iya jifa, na iya ɗaura ƙwaro da kaina. Wani lokaci sai in shafe rabin yini cikin ruwa ban tuna da shi ba, in na farga sai in ji kamar na ci abincin wani ban yi masa tayi ba.

Bara na kasa daurewa na gaya wa Anti Rabi duk wannan. Tana yanka alayyahu, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ai ranar da kuka dawo bai yi mini zancen hannunsa ba. Ihunka ya yi ta kwaikwaya. Ya ce tun da kuka baro gida bai ji muryarka ta gaskiya ba sai ranar." Ta faɗa ne don ta sauke mini kaya. Ni kuwa a mota na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Yaya bai bar gida nasa na kansa ba, bai bar sarauta ba. Ya bar wa yaranmu sanin cewa baƙo ma yana da ikon son wani abu don son kawai, ba sai wanda zai kawo riba ba. Ni kuma abin da ya bar mini ya zo a makare, amma ya zo. Juma'ar da ta wuce carbin wani dattijo ya faɗi a sahu, ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Wani matashi ya yi 'yar dariya. Na jira har masallaci ya watse, na matsa kusa da dattijon na ce, "Alhaji, yaya hannun?" Ya dubi ƙofa, sannan ya ce a hankali, "Ko matata ban gaya wa ba." Muka zauna har la'asar.

Allah ya jiƙan Yaya Mamman, ya sanyaya makwancinsa, ya yafe mana abin da muka gani muka yi dariya.