Masawudu da Makaɗan Norway

Masawudu ɗan zangon Kumasi ne, amma shekararsa ashirin da biyu ke nan a London. Ya yi wankin kwanoni, ya yi gadin wani shago a Stratford, daga baya ya sayi farar motar ɗaukar kaya, van, yana kwasar kayan masu ƙaura daga wannan flat zuwa wancan. Mutum ne mai son shiru. Ko rediyon motarsa ba ya kunnawa sai in yana son jin inda hanya ta cushe.

Wata Talata a watan Yuli aka yi booking ɗinsa na kwana biyar. Wasu makaɗa ne huɗu daga Norway, maza uku da mace ɗaya. Ya ɗauko su daga filin jirgi da akwatunan ganguna da gita da jakar saksofon. Mutane ne masu ladabi, maganarsu ƙasa-ƙasa, kowane akwati ya ɗaga sai sun yi godiya. Ya ce a ransa, kiɗan waɗannan ba zai wuce na lallashin jariri ba.

Da la'asar suka shiga gwaji a wani tsohon sito a Old Kent Road. Yana waje yana cin burodi, sai ya ji wata irin ƙara kamar an tayar da janareta goma a ɗaki guda. Ya ajiye burodin ya ruga ciki, don ya zaci wani abu ne ya lalace cikin kayan da ya ɗauko. Ya tarar da macen, 'yar siririya, ta tanƙware tana busa saksofon har jijiyoyin wuyanta sun tashi. Mai gangar kuwa duka yake kamar fatar ta yi masa laifi.

Da suka tsaya ya tambaye su da Turanci, "Me ya fashe?"

Mai gitar ya yi murmushi ya ce, "Babu komai. Haka waƙar take."

Sai a rana ta uku kunnensa ya kama abin. A ƙarƙashin hayaniyar, gangar takan bar hanya ta yi yawo, har mutum ya ce ta ɓata, sannan ta faɗo daidai inda ake jiranta. Haka makaɗan unguwarsu suke yi ranar Sallah, lokacin yana saurayi. Bai san yana buga bugun a jikin ƙofar mota da yatsu ba, sai da mai gangar ya tsaya a gabansa ya ce ya maimaita. Ya maimaita sau shida, yana jin kunya, mutumin yana ɗauka a waya.

Ranar Asabar da rana suka yi wasa a wani fili kusa da Lewisham. Masawudu ya zo da matarsa Fausia da 'yarsu Zarah, wadda take jami'a. Ana farawa Fausia ta toshe kunne da bakin mayafi.

Ta ce, "Maigida, wannan kiɗa ne ko faɗa?"

Ya ce, "Ki jira kaɗan."

A tsakiyar waƙa ta huɗu bugun zangon ya fito, da ƙarfinsa, gita na gurnani a kansa. Fausia ta sauke hannu ta dube shi.

"Wannan ai namu ne."

Zarah ta ce, "Dad, is that yours?" Shi kuwa kafaɗunsa ne kawai suke motsi.

Tun daga nan duk shekarar da suka zo London, shi suke nema. Fausia takan dafa musu wake da shinkafa da yaji, suna ci suna zufa suna neman ƙari. Bara suka aiko masa da sabon faifansu, da sunansa cikin waɗanda aka yi wa godiya, ko da yake "Masawudo" suka rubuta. Fausia ta sa bangon faifan a firem ta rataye a falo, tana nuna wa duk baƙon da ya zo. Sharaɗinta ɗaya ne, in zai saurari faifan ya tafi mota.