Gemun da Ya Ɓoye Bagobiri

Ku da kuka shigo koyon wanzanci bana, ku matso. Ban taɓa mantawa da ranar da aka fara ba ni aska in ɗora a kan mutum mai rai ba. Kafin nan ƙwarya nake yi wa aski. Haka tsarin yake a rumfar maigidanmu Sarkin Aska, a nan unguwar Ambassatna: sabon yaro ya fara da ɗebo ruwa da wasa aska, sannan a ba shi ƙwarya da sabulu, sai hannunsa ya faɗa a ba shi kan mutum. Ni ƙoren da na hallaka, in aka jera su a kogin Shari, sai a taka a haye ba kwalekwale.

Bara ne, lokacin da harbi ya raba birnin nan biyu, mutane na ta tsallakawa Kusri, garin da ke hayin kogi. Da hantsi wasu masu turin pus-pus, wato amalanke, suka kawo mana wani tsoho da suka tsinta a unguwar Bololo, gindin rusasshen bango. Ba rauni a jikinsa, amma bakinsa ya rufe. An yi masa Larabci, an yi Hausa, wani ma ya gwada Faransancin da shi kansa bai iya ba. Shiru. Ga shi kullum gidaje rufewa suke yi. In danginsa suka haye kafin a gano su, tsohon nan ya rasa kowa ke nan.

Maigida yana tsakiyar yi wa wani ƙaho, sai ya ce in gyara baƙon, ko ya ji daɗin jikinsa. Na ce ni? Ya ce tsohon dai ba zai kai ƙarata ba, tunda ba ya magana.

Gemun nan, wallahi ɗan akuya zai shiga ya kwana uwarsa na nema. Na jiƙa, na shafa sabulu, na ja aska daga sama zuwa ƙasa yadda aka koya mini. Da kunci ya fito, sai ga zane ya taso daga gefen baki ya bazu har kunne. Na ce wa maigida da alama tsohon ya taɓa faɗa da kyanwa. Ya ranƙwashe ni, ya ce wannan askar Gobirawa ce, kuma hannun da ya yi ta gwani ne. Sai dai gidajen Gobirawa a warwatse suke cikin unguwanni, kowace kwana kuma da kombatan, wato masu bindiga. Ba a bi gida-gida a irin wannan lokaci.

Ana cikin haka Iya Risika ta shigo, Bayarabiyar da ke kawo mana sabulu. Ku da aka haifa a nan ba lallai ku sani ba: tsakanin Gobirawa da Yarabawa akwai wasa tun na kakanni. Duk inda suka haɗu kowa ya kira ɗan'uwansa bawa, kuma abin kunya ne a tsokane ka ka yi shiru. Tana ganin kuncin ta dire tirenta, ta riƙe ƙugu, ta ce ashe nan bawanta ya ɓuya, ita tana can tana neman mai ɗaukar mata kaya. Maigida ya yi mata ido ta bari, ta ƙi. Ta ce dubi yadda ya lalace don ba ya kusa da uwargijiyarsa.

Kuncin da ke ƙarƙashin askata ya motsa. Saura kaɗan in ƙara masa zane.

"Wa ya kwance wa baiwar nan igiya?" in ji shi, murya kamar tsohuwar ƙofa.

"Bawan da ba shi da gida ma har da baki?"

"Ni Nomau ne ba ni da gida? Je ki unguwar Kabalaye, bayan masu ƙira, ki tambayi gidan Hajara mai fura. 'Yata ce. Ki tafi da tsintsiyarki."

Ban jira an aike ni ba. Gudun da na yi, harsashi ɗaya ya biyo ni ya gaji ya koma. Na tarar da Hajara a ƙofar gida, an gama ɗaure kaya, mijinta na roƙonta su tafi bakin kogi, ita tana zaune a kan tabarma ta ƙi tashi. Da na faɗi sunan, ta riga ni isa rumfa. Ta same shi da rabin gemu, yana ta musu da Iya Risika kan wanda kakansa ya sayi kakan wani. Da shi suka haye.

Da gari ya lafa suka dawo, ya zama ni ke masa aski. A nan na ji cewa ubansa da ƙafa ya baro Gobir zai je Makka, guzuri ya ƙare a nan, aka tsaya noma, aka yi aure, kuma har yau in an tambaye su cewa suke suna kan hanya. Na koma gida na titsiye kakata. Ashe mu ma haka ne, daga Zazzau. Ni da nake zaton daga bayan kasuwa aka samo mu!

Shi ya sa duk Juma'a maigida ke tura mu gidajen tsofaffin da yaƙi ya bari ba mai kula da su, mu yi musu aski don Allah. In an tura ku kada ku yi sauri. Ku riƙe kan a hankali, ku tambayi mai shi daga ina aka taso. Zai yi ta zuba har sabulu ya bushe. Ku sake jiƙawa.