Kwandon Nabawiyya

Ammu Rizƙ bambuti ne, kamar ubansa. Duk sanda babban jirgi ya tsaya a Bur Sa'id yana jiran layin shiga mashigin Suwais, sai ya tuƙa kwalekwalensa zuwa gindinsa, ya cilla igiya sama, fasinjoji su ja kwando cike da kaya su zaɓa. Shekara arba'in yana wannan, ya iya ciniki da harshe bakwai, zagi kuwa da tara.

Amma sana'ar ta ja baya. Jirage sun daina daɗewa, raƙuman roba da ƙananan dalar Fir'auna da yake sayarwa kuwa kowa ya gaji da su. Ga surukinsa Shehata ya matsa masa lamba ya sayar masa da kwalekwalen ya kama kifi da shi.

"Zuwa Juma'a," in ji Rizƙ. "In ba a dace ba, zo ka ɗauka."

Ya faɗa ne da ƙarfin hali kawai, don a cikin kwalekwalen nan ya koyi tafiya.

Kwandunan da yake aika kaya a ciki matarsa Nabawiyya ce ke saƙa su da ganyen dabino, masu kunne biyu. Wajen kakarta ta koya. Ita ta ba ta labarin kakansu da aka kwaso daga ƙauye aikin tilas lokacin da Faransawa suka sa aka haƙa mashigin, ya yi ta ɗibar yashi a irin wannan kwando, daga rami zuwa tudu, har bayansa ya goge. Rizƙ ya ji labarin ya fi sau ɗari.

"Ke da kwandunanki na ƙauyawa! Kunya suke ba ni gaban Turawa."

"To sayi na roba mana, Baban Samah, tunda kai ɗan birni ne."

Ranar Alhamis wani farin jirgin yawon buɗe ido ya tsaya, benaye kan benaye. Rizƙ ya cilla igiya, wata tsohuwar Baturiya mai hular rana ta cafe, ta ja kwandon. Ta juya raƙuman, ta taɓe baki. Sai ta ƙulle su a gyalenta ta zuro masa, ta rungume kwandon.

Kai! Ran Rizƙ ya ɓaci. Ya miƙe tsaye har kwalekwalen na tangaɗi.

"Madam! Kwandona! Wannan ba na sayarwa ba ne, da shi nake aiki! Jama'a, ku ga ɓarauniya da rana tsaka!"

Wata 'yar Masar da ke yi wa fasinjojin jagora ta leƙo tana dariya. "Ammu, kwantar da hankalinka. So take ta saya. Tana tambaya wa ya saƙa."

"Matata! Ki gaya mata ruwan nan da za ta ratsa tana shan shayi, ba Bafaranshe ne ya kwashe yashinsa ba. Kakan matata ne, da irin kwandon da ke hannunta, shekara goma ana abu ɗaya!"

Cikin fushi ya faɗa, ko tunani bai yi ba. Jagorar ta juya ta fassara. Sai hannuwa suka fara miƙowa daga saman jirgin. Kwando shida ke gare shi, har da wanda yake zuba gurasarsa, duk suka hau sama, kuɗi suka sauko. Kafin jirgin ya busa ƙaho, jagorar ta ce duk sati biyu suna biyowa, ya tanadi kwando talatin.

Da la'asar ya shigo gida da raƙumansa cif, ba kwando ko ɗaya. Shehata na zaune yana shan shayi.

"Na zo tun yau, in rage maka wahala."

"Sha shayinka ka tafi, kwalekwale ba ya zuwa ko'ina."

Nabawiyya ta dube shi daga kan tabarma, ganyen dabino a cinyarta. "Ina kwandunana? Ka zubar a ruwa ko?"

Rizƙ ya yi ta sosa ƙeya. Talatin a sati biyu, ya san hannu biyu ba za su iya ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa gefenta da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya zari ganye ɗaya.

"Maman Samah, ta ina ake farawa?"

Ta karɓe ganyen ta juya shi.

"Ka riƙe shi a baibai, ɗan birni."