Tocilar Malam Isiyaku

Shekara talatin da ɗaya Ladidi tana toya waina a ƙofar gidansu da ke Makera, tun mijinta Malam Isiyaku yana aiki a masaƙar Kakuri, har aka rufe ta ya koma gadin wani shago. Gadin ne ya sa ya sayo tocila mai caji a Kasuwar Barci, baƙa, haskenta har kashe ido yake yi. Bai taɓa kafa mata doka ba sai guda ɗaya: da an kawo wuta, ko hannunta na cikin ƙullu, ta je ta jona masa ita.

Ya rasu da damina. Ta yi takabarta, ba ta yi wani kuka ba, ta koma kan tandarta. Amma da unguwa ta ɗauki ihun an kawo wuta, sai kawai ta tsinci kanta a jikin bango. Ta jona, ɗan jan hasken cajin ya kama, ta dawo ta ci gaba da juya waina.

Bayan wata takwas ta ga tocilar ta kumbura, ta kai wa Derrick mai gyara a bakin titi.

"Mama, caji ne ya kashe batirin," in ji shi. "Yaushe rabon da a kunna ta?"

"Mai kunnawar ba ya nan."

Ta karɓi abarta ta koma gida. Da la'asar aka kawo wuta, ta goge hannu a zani, ta je ta jona. Jan hasken bai kama ba. Ta bar ta a jone.